Jan-baki da ɓera: ɓarawon rana da ɓarawon dare a kan hatsi ɗaya

Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi a ƙarshen damina, lokacin da gero ya fara ido, zai ga yara a gefen gonaki suna kaɗa gwangwanaye da aka jera a jikin igiya, wasu na wurga majajjawa, wasu kuma na ihu har muryarsu ta dishe. Abin da suke kora tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba. Bayan wata uku, idan ya sake bin hanyar, an riga an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, kuma ba zai ga kowa zaune yana gadin rumbun ba, alhali a daidai wannan lokacin ne wani mai cin hatsin ya fara nasa aikin a cikin duhu. Jan-baki da ɓera abincinsu ɗaya ne, damina ɗaya ce ke ciyar da su, kuma manomi ɗaya suke cuta, amma yadda kowannensu ya warware matsalar yunwa ya bambanta ƙwarai, kuma wannan bambancin ne ya kamata ya nuna mana yadda za a tunkari kowanne.

Jan-baki, wanda masana ke kira Quelea quelea, kuma masanin halittu Linnaeus ya fara bayyana shi a 1758, ɗan dangin tsuntsaye masu saƙa sheƙa ne, kuma a rabon masana yana cikin babban rukunin tsuntsaye mawaƙa, wato masu wata gaɓar murya ta musamman a inda maƙogwaro ya rabu biyu zuwa huhu. Wanda ya saba da muryar kanari a keji zai yi dariya idan aka ce masa jan-baki mawaƙi ne, domin abin da ke fita daga bakinsa surutu ne mai kaushi, amma ginin gaɓar iri ɗaya ne. Tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, nauyinsa kuma tsakanin gram 15 ne zuwa 26. Ɓeran da nake nufi kuwa shi ne Mastomys natalensis, wanda Andrew Smith ya bayyana a 1834 daga yankin Natal na Afirka ta Kudu, kuma yana da ɗan'uwa na kusa, Mastomys erythroleucus, da ya yawaita a ƙasashenmu na Sahel, wanda ido bai cika bambanta su ba. Shi ne ɓeran nan mai laushin gashi, ruwan toka zuwa ƙasa-ƙasa, da ake samu a gona da damina a kuma same shi a ɗakin ajiya da rani. Ba gafiya ba ne, ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba jaɓa ba ne, domin ita jaɓa mai cin ƙwari ce, ba ta ma cikin dangin ɓeraye ko da yake muna haɗa su a magana.

Kayan aikinsu ma sun bambanta. Tsuntsun yana da gajeren baki mai ƙarfi da yake ɓare ƙwaya da shi, yana haɗiye ta ya tara a wata jaka da ke ƙasan wuyansa, sannan ƙundu ya niƙe ta, don haka yana iya cika cikinsa cikin ɗan lokaci ya koma inuwa kusa da ruwa. Girman bakin shi ke iyakance ɓarnarsa: gero, da dawa mai ƙananan ƙwaya, da shinkafa, da alkama duk suna cikin haɗari, amma masara ta fi ƙarfinsa. Shi kuwa ɓera haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, dole ya yi ta gwaguya don su goge, wannan ne ya sa ba ya zaɓe tsakanin masara da gyaɗa da buhu da ƙwarya da wayar lantarki.

Idan aka zo maganar yawa, jan-baki ba shi da na biyu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne biliyan ɗaya da rabi a nahiyar Afirka bayan lokacin ƙyanƙyasa, abin da ya sa ake ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Ana kuma ƙiyasta cewa tsuntsu ɗaya yana iya ci da zubar da kimanin gram 10 na hatsi a yini. Lissafin mai sauƙi ne: garke mai tsuntsu miliyan ɗaya tan 10 ke nan a rana, wato buhu 100 mai cin kilo 100. Wannan adadi ne mai tayar da hankali, kuma shi ya sa labarin jan-baki ke shiga rediyo, gwamnoni su yi magana, a nemi jirgin feshi. Sai dai akwai abin da lissafin ke ɓoyewa. Garken ba ya sauka a kowace gona, ba ya kuma zuwa kowace shekara. Yana iya share gonar mutum ɗaya tas a bar shi da kara, maƙwabcinsa na ƙauyen gaba bai rasa ko zangarniya ba, ta yadda idan aka raba asarar a kan hatsin ƙasa gaba ɗaya sai ta zama ƙarama, ko da yake ga wanda ta faɗa wa shekararsa ce ta tafi. Ɓera ba ya yin irin wannan zuwan. Ƙaramin ɓera yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a kullum, wato kamar gram 5 ga mai nauyin gram 50, abin da bai kai a kula ba. Amma ɓeraye 50 a gida ɗaya cikin wata shida sun ci kilo 45, kusan rabin buhu, ban da wanda suka ɓata da fitsari da kashi, ban da irin da suka tone a gona daren da aka yi shuka. Kuma wannan yana faruwa a kusan kowane gida, kowace shekara, ba tare da wani ya kai ƙara ba. A ganina mun fi tsoron wanda muke gani da rana, mun saba da wanda ke ci da dare har mun daina lissafa shi a matsayin asara.

Inda kwatancen ya fi ba da ma'ana shi ne farkon damina. Mu a nan ruwa yakan sauka sosai ne daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa ƙasa a bushe take. Mutum zai zaci rani ne lokacin wahalar mai cin ƙwaya, amma ga jan-baki ba haka ba ne. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, irin su gude-gude da harƙiya da shinkafar daji ta fadama, kuma duk tsawon rani waɗannan ƙwayoyi suna zube a ƙasa yana tsinta. Masifarsa tana zuwa ne ranar da aka yi ruwan shuka, domin cikin 'yan kwanaki duk ƙwayoyin da ke ƙasa sai su tsiro gaba ɗaya, abinci ya ɓace a faɗin ƙasa, kuma sabuwar ciyawa ba za ta yi 'ya'ya ba sai bayan mako shida zuwa takwas. Wani masani ɗan Ingila, Peter Ward, wanda ya yi bincikensa a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960, shi ya fayyace abin da tsuntsun ke yi a wannan tsakani. Yakan fara cika jikinsa da kitse ta hanyar cin shinge da tsutsotsin da ruwan farko ya fito da su, sannan ya tashi ya yi kudu tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya tsallake inda ruwa ke sauka yanzu, ya isa inda damina ta riga ta yi nisa ciyawa ta fitar da sabbin 'ya'ya. Daga can sai ya juyo arewa a hankali yana bin nunar ciyawa, kamar yadda makiyayi ke bin ɗanyar ciyawa da shanunsa, har ya dawo ƙasarmu lokacin da komai ya yi ido. Abin lura shi ne, a lokacin da ciyawar daji ta wadata bai cika damuwa da gona ba. Yana afka wa amfanin gona ne idan na daji ya yi ƙaranci, ko kuma idan matasan tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe suka rage a wurin bayan iyayensu sun wuce gaba, daidai lokacin da gero da dawa ke nuna. Haka nan noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Jibiya da Zobe da Sabke, inda alkama ko shinkafa ke nuna alhali daji ya bushe, ya haɗa masa abubuwa biyun da ba ya rabuwa da su, wato ƙwaya da ruwan sha na kullum.

Ɓera ba shi da fiffike, don haka ba zai iya guje wa yunwa ba. Abin da yake yi shi ne ya haifi fiye da abin da yunwar za ta iya kashewa. Macen tana da nonuwa da yawa ƙwarai, har takan kai 24, abin da ba a saba gani a sauran ɓeraye ba. Cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a lokaci guda, wani lokaci fiye, kuma tana iya ɗaukar wani cikin jim kaɗan bayan haihuwa tana tsaka da shayarwa. 'Ya'yan kuma suna balaga cikin wata biyu zuwa uku idan abinci ya wadata. Binciken da Herwig Leirs na Jami'ar Antwerp da abokan aikinsa na Jami'ar Noma ta Sokoine suka daɗe suna yi a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ya nuna cewa ruwan sama ne ke kunna wannan haihuwa, kuma a shekarar da ruwa ya sauka da wuri ya yi yawa, 'ya'yan farko sukan samu damar haihuwa tun kafin lokacin ya wuce, sai yawansu ya ninka ya sake ninkawa, har an taɓa ƙidaya sama da ɓera dubu a hekta guda. Mafi yawansu ba sa cika shekara. Idan aka yi girbi, aka kwashe kara, dabbobi suka tattake gona, ko aka cinna wa daji wuta, waɗanda suka rage sai su nufi inda abinci ya koma, wato cikin gari. Hijirar ɓera ke nan, tafiyar da ba ta wuce daga gona zuwa rumbu ba.

Ba wai jan-baki ba ya haihuwa da gaggawa ba ne, sai dai gaggawarsa ta wani fanni ce. Ƙwansa yawanci uku ne kacal. Abin mamakin shi ne yadda miliyoyinsu ke yin komai a tare: su sauka a dajin ƙaya, namijin da fuskarsa ta yi baƙi saboda lokacin aure ya saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa cikin kwana biyu zuwa uku, macen da bakinta ya koma rawaya ta yi ƙwai, a ƙyanƙyashe cikin kwana goma ko kusa da haka, a ciyar da 'yan tsaki da fara da tsutsa kafin a koma ƙwaya, bayan mako biyu kuma su bar sheƙa. Itace ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwan sheƙa. Cikin mako shida an gama an watse, shaho da maciji da duk mai neman rabo sun ci iyakar cinsu amma ba su rage komai ba, domin abincin ya zo musu a lokaci ɗaya fiye da cikinsu. Tsuntsun ya dogara da taro da sauri, ɓeran ya dogara da ɓoyo da maimaitawa.

Daga nan ne za a fahimci dalilin da ya sa shekaru fiye da sittin na yaƙi da jan-baki ba su rage yawansa ba. An yi amfani da wuta da nakiya a wuraren kwanansa, aka koma feshin guba mai suna fenthion ta jirgin sama da magariba lokacin da garke ya taru, kuma ana kashe miliyoyi a kowace shekara a sassan Afirka. Amma tunda a kowace shekara yunwar farkon damina tana kashe kaso mai yawa ko an yi feshi ko ba a yi ba, waɗanda guba ta kashe galibi waɗanda da ma za su mutu ne, kuma ragowar sun samu ƙarin abinci. Ga shi kuma garken da ya kwana a cikin kacala a dausayin Haɗeja da Nguru, ko a wani kwari a Jamhuriyar Nijar, ba ruwansa da iyakar jiha ko ta ƙasa. Saboda haka masana suka koma ga ra'ayin cewa feshi yana da amfani ne kawai idan an nufi takamaiman garken da ke barazana ga takamaiman gonaki a wannan makon, ba da niyyar ƙarar da jinsin ba. Gubar kuma ba ta tantancewa, tana kashe wasu tsuntsaye, tana kashe shaho da mujiya da suka ci gawar, kuma tana da haɗari ga mutanen da ke tsintar mushen su kai kasuwa, domin jan-baki nama ne da ake soyawa ana sayarwa, a yankin Tafkin Chadi ma kama shi da raga sana'a ce ta gaske. Dabarun da manomanmu suka gada sun fi dacewa da halin tsuntsun fiye da yadda ake zato: a yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabta don kada gonar mutum ta nuna ita kaɗai, a cire ciyawar da ke janyo shi, a shuka iri mai saurin nuna ko gero mai gashi da ke tsokane masa ido, a girbe da zarar ya ƙosa, sannan a yi gadi da safe da yamma a makonnin nan uku zuwa huɗu. Aibin gadin kawai shi ne yakan faɗa kan yara a lokacin da aka koma makaranta, kuma korar takan tura garken ne gonar wanda ba shi da mai gadi.

Da ɓera kuwa lissafin juyawa yake. Tunda ba daga wata ƙasa yake zuwa ba, abin da gida da unguwa suka yi yana tasiri kai tsaye. Sai dai mu ma a nan mun fi karkata ga guba, irin wadda masu talla ke yawo da ita a kasuwa a ƙulle a leda ba suna ba ƙa'ida. Guba mai kisa nan take tana da matsala sananniya: ɓera yana ɗanɗana sabon abinci kaɗan-kaɗan, idan ya ji ciwo bai mutu ba ba zai sake kusantarsa ba, kuma gurbin waɗanda suka mutu 'ya'yan wata guda sun cike shi. Ga haɗarin kaji da mage da ƙananan yara. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a wannan fage maganar ta fi kowace guba nuna hanya. Rumbun da aka ɗora a kan duwatsu masu tsayi aka share kewayensa, rufewar da aka toshe tsagunta da yumɓu, durom na ƙarfe mai murfi, buhunan nan masu ciki uku da aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 don ajiyar wake idan an ɗaga su daga ƙasa an nisanta su da bango, tukunyar da aka rufe kafin a kwanta, juji da aka kai nesa da gida, duk suna rage abin da ke ciyar da haihuwar ne, wadda ita ce ƙarfin ɓera. Tarko ma yana aiki, amma idan unguwa ta ɗana tare kuma ta daɗe tana yi, musamman a ƙarshen rani lokacin da suka fi ƙaranci kuma ba su fara haihuwa ba. Gida ɗaya da ya kashe nasa, na maƙwabta ne za su cike masa ɗaki.

Akwai kuma wani nauyi da ke kan ɓera wanda ba ya kan tsuntsu. A 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, bayan ya kashe ma'aikatan jinya na mishan, kuma a farkon shekarun 1970 aka samu ƙwayar cutar a jikin Mastomys natalensis a ƙasar Saliyo. Ɓeran yana ɗauke da ita ba tare da ta kwantar da shi ba, yana zubar da ita a fitsari da kashi, mutum kuma ya ɗauka ta abinci ko kayan da suka gurɓata, ko wajen kamawa da feɗe ɓeran, daga nan tana iya wucewa daga majiyyaci zuwa mai jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa nuna alama ko kuma alamar ba ta tsananta, amma cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya asibiti kusan kashi 15 cikin 100 suna rasuwa, wasu daga cikin waɗanda suka warke kuma sukan samu matsalar ji. Farkonsa yana kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake makara. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi fama da shi, ba Katsina ba, kuma ba kowane ɓera ke ɗauke da cutar ba. Duk da haka lokacin da cutar ke tashi a Najeriya, daga Disamba zuwa Afrilu, shi ne daidai lokacin da ɓeran ya bar gona ya shigo gida, kuma al'adar shanya gari ko tsaki ko dafaffen rogo a ƙasa a gefen hanya har dare tana buɗe masa ƙofar da ba sai ya gwaguya ba.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne matsayin mujiya a wurinmu. Farar mujiyar nan da ke kwana a kufai da rufin tsofaffin gine-gine kusan ɓeraye ne abincinta, kuma mace da namiji masu ciyar da 'ya'ya suna kwasar ɓeraye da yawa a dare ɗaya, har a wasu ƙasashe manoma na kafa mata akwatuna a gona don ta zauna. A garuruwanmu idan ta yi kuka a kan soro sai a ce mugun abu ne, yara su bi ta da jifa. Feshin da aka yi don jan-baki yana iya kashe ta a daji, tsoro kuma yana korarta daga gari, wanda ya ci ribar duka biyun shi ne ɓeran da ke ƙarƙashin rumbu.